Kwance Durwa daga sarƙa

3 ga Fabrairu, 2024

Kawu ya ba ni wa'adi zuwa ɗaukewar damina. In Durwa ta gyaru ta zauna, in ba ta gyaru ba ya miƙa ta ga masu sayen karnuka, ni kuma ba zan sake sa baki ba. Saboda haka zan riƙa rubuta abin da aka yi da abin da ya biyo baya, don ranar yanke hukunci kada a dogara da "an ce".

Durwa karyar gida ce, irin namu masu siririn jiki da miƙaƙƙun kunnuwa, ja mai baƙin baki. Ba za ta wuce shekara biyu ba. Tun tana kwikwiya aka kawo ta gonar kajin Kawu da ke bayan Samaru a Zariya, aka ɗaure ta a turken ƙarfe bakin ƙofa da sarƙar da ba ta kai taku uku ba. Nan take ci, nan take kwana, nan take kashi. Ƙasar da ke kewaye da turken ta daddale ta yi santsi saboda zagaye.

Shekaranjiya ta ciji ɗaya daga cikin yaran da ke kwasar ƙwai a ƙwauri. An wanke ciwon da sabulu a bakin famfo har minti 15, sannan aka kai shi asibiti aka fara masa alluran haukan kare, domin ba a taɓa yi wa Durwa rigakafi ba, cutar kuwa in alamunta suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Likitan dabbobi ya ce kada a kashe ta, kada a sayar, a sa mata ido kwana 10. Karen da cutar ta riga ta sauko yawunsa lokacin da ya yi cizo ba ya kai wannan wa'adi lafiya lau.

Na zauna da yaron na ce ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ya ce tana cikin ci ne kwanon ya kife, shi kuma ya zo ta bayanta ya sunkuya zai gyara. Na ce, "Ba ta yi maka gurnani ba?" Ya ce, "A'a Yaya, ai ta daina gurnani tun bara. Da tana yi, Baba maigadi ya hana ta da dorina."

Amsar nan ita ta sa na je na roƙi Kawu. Gurnani gargaɗi ne, karen yana cewa a ja da baya. Wanda ya doki kare don ya yi gurnani, tsoron yana nan daram, bakin faɗarsa kawai ya toshe, kamar wanda ya cire wa mota hon ya bar ta tana gudu a titi. An koya wa Durwa cewa gargaɗi duka yake jawowa, sai ta daina yi.

12 ga Fabrairu

Wa'adin ya cika. Tana ci tana sha, babu dalalar yawu, babu canjin murya. Alhamdulillahi. Ciwon yaron ma ya kama hanyar warkewa.

Likita ya zo, wani matashi da ya yi karatu a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Da bandeji ya yi mata takunkumi, mu biyu muka riƙe ta, jikinta yana ɓari har ta saki fitsari. Ya yi mata allurar haukan kare, ya ba da maganin tsutsar ciki, sannan ya ce in matso in gani. Cikin kunnuwanta kaska ce maƙil, wasu sun ƙoshi sun kumbura, wasu ƙanana jajaye sun jeru a gefe, tsakanin yatsu ma haka. Ya ɗaga leɓenta, dasashin ya yi fari saboda ƙarancin jini. A wuya, inda sarƙa ke goga, gashi ya tafi, fata ta yi kanta, ƙarƙashin haɓa kuma ga gyambo yana ruwa. Ya ce duk mai miƙo hannu wajen kanta, abin da take tsammani shi ne za a fama mata wannan gyambo.

Ya ja mana kunne kan abu guda: kada a ɗauki maganin feshin gona a yi mata wanka da shi yadda wasu ke yi. Yana shiga ta fata, ta kuma lashe, sai zubar da yawu da shure-shure. Ya rubuta mana na karnuka daidai nauyinta.

25 ga Fabrairu

Aikin yanzu zama ne kawai. Bayan la'asar nakan ɗauki kujera in zauna nesa da inda sarƙa ke kaiwa, in ba ta gefena, ba na kallon idonta, ba na kiran sunanta. Jefi-jefi in wurga mata guntun dafaffen ƙwai, ba a gabana ba, can bayanta, don ta ci ta kuma samu sararin yin nesa da ni. In na jawo ta da abinci har gabana, yunwa za ta kawo ta inda zuciyarta ba ta yarda ba, a irin wurin nan kuwa ake cizo.

Zaman ya nuna mini cewa gurnani kaɗai dorina ta kashe, sauran maganganun suna nan. In mutum ya doso ƙofa, sai ta yi hamma alhali ba barci take ji ba. In ya ƙara matsowa, ta lashi hancinta da sauri, ta kau da kai gefe amma ido yana kansa har farin idon ya fito. Kunnuwa su kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin cinyoyi. Na ƙarshe, wanda ya fi haɗari, shi ne sandarewa: baki ya rufe, haki ya tsaya, jiki ya ƙame cak. Daga nan sai haƙori. Duk wannan yana wucewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma ba wanda ya taɓa lura a gonar. Wata mai horar da karnuka 'yar ƙasar Norwe, Turid Rugaas, ita ta yaɗa sanin irin waɗannan alamu. A ganinta hamma da lasar hanci da kau da kai, kare yana yin su ne don ya kashe rigima tun kafin ta tashi.

Masana halayyar dabbobi sun ce akwai ɗan lokaci, daga mako 3 zuwa kamar mako 12 na rayuwar kwikwiyo, da yake karɓar duk abin da ya gani hannu bibbiyu: yara, babur, akuya, mai rawani, mai hijabi. Abin da bai saba da shi a lokacin ba, yakan girma yana ɗari-ɗari da shi. Durwa ta ƙare nata makonnin a jikin turke. Shi ya sa ban yi wa Kawu alkawarin za ta zama karyar da yara za su riƙa hawa ba. Burina ta daina ɗaukar kowa abokin gaba, mu kuma mu iya jin abin da take faɗa.

10 ga Maris

An cire sarƙa. Mun kewaye mata fili da ragar waya a gindin dalbejiya, da rumfar kwano mai zana a sama don kada ta gasu, da bahon ruwa. Da aka sake ta ciki, wuri guda ta zaɓa ta dinga zagaye, daidai faɗin tsohuwar sarƙar. Abin ya tsaya mini a rai. Sai wajen magariba ta fara shinshina kusurwoyi. Washegari ta tafi kusurwar da ta fi nisa da rumfa ta yi kashi a can. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, tilas ce ta sa ta kwana a kan nata duk tsawon lokacin nan.

23 ga Maris

Azumi ya zo cikin zafi. Kare ba ya gumi ta fata kamar mu, sai kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jiki, don haka bai kamata ruwa ya yanke masa ba. Yaran da azumi ya galabaitar sukan manta, ɗaya kuma ya ce shi ba zai taɓa kwanonta ba, najasa ce.

Bayan asham na tari limamin unguwa na ce, "Allah gafarta Malam, ina hukuncin?" Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, mai rai tsarkakakke ne, har kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bin umarni ne, ko da yake wasu mazhabobin sun tsananta. Ya ce riƙe kare don gadin gona da dabbobi ko farauta ya halatta. Ya tuna mini hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Sannan ya ce, "Tunda kun riƙe ta tana yi muku gadi, haƙƙinta yana wuyanku." Na roƙe shi ya maimaita wa yaran da bakinsa, ya kuwa yi. Ban ce kowa ya shafa ta ba, ba ma na son a yi yanzu. Cika baho kawai nake nema.

15 ga Afrilu

Wata mage ta haihu a ɗakin ajiyar abincin kaji, 'ya'ya huɗu a kan tsohon buhu. Ba ta kowa ba ce, ɓeraye suka kawo ta. Na nemi Kawu a daina zuba maganin ɓera a ɗakin, don magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya, Durwa ma haka. Ya yarda a koma tarko. Na hana yara ɗaukar jariran tukuna, ko ido ba su buɗe ba.

4 ga Mayu

Yau Durwa ta yi gurnani, kuma tun da aka fara aikin nan ban yi farin ciki irin na yau ba.

Mai kawo dusa ne ya jingina da raga yana waya. Ta yi hamma, ta kau da kai, bai gani ba. Sai ta saki gurnani can ƙasan maƙoshi. Na ce masa, "Malam, don Allah ɗan matsa gaba." Ya matsa, ta yi shiru, ta girgiza jiki, ta koma inuwa ta kwanta. Baba maigadi ya ce, "Ka gani ko? Halin ya dawo." Na ce, "Baba, ai shi muke nema. Ta faɗa, an ji, ba ta ciji kowa ba." Bai gamsu ba, amma dai dorinar tana rataye tun ranar da Kawu ya yi masa magana.

Na tara yaran na ce kada a zo mata ta baya, kada a taɓa ta tana ci ko tana barci, in kuma ta sandare a tsaya, a kau da kai, a ja baya sannu a hankali, ban da gudu. Sai batun wutsiya, don dukansu sun ɗauka kaɗa ta murna ce. Ba kullum ba. Wutsiyar da ke lilo ƙasa-ƙasa har ƙugu yana bin ta, wannan maraba ce. Wadda ta miƙe sama ƙyam, tsininta kaɗai ke karkarwa, a yi hattara. A 2007 wasu masana a Italiya, cikinsu har da Giorgio Vallortigara, sun gano cewa kare yakan fi karkata wutsiya damansa in ya ga maigidansa, hagu kuma in ya ga baƙon kare mai kwarjini. Yaran sun ji daɗin wannan, yanzu kowa tsayawa yake yana duba dama ce ko hagu. Ido ba ya kama shi da sauƙi, su masanan ma da bidiyo suka auna, amma ribata ita ce sun fara kallon ta kafin su matsa.

19 ga Mayu

Lokacin da ɗan kyanwa ke sabawa da mutum gajere ne, daga mako 2 zuwa 7. Saboda haka tun ƙarshen Afrilu kullum ake ɗaukar 'ya'yan na 'yan mintuna, hannu daban-daban, uwar tana gani.

Ɗaya ya kamu da mura, idonsa ya liƙe da kwantsa. Na tarar da Inna, matar Kawu, ta ɓare farasitamol za ta jiƙa masa rabi. Tausayi ne ya sa ta. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan guba ce ga mage." Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, yana lalata jini, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar mage, balle jariri. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah, ɗan nan, maganin da muke ba 'ya'yanmu?" Muka goge idon da auduga da ruwan ɗumi, likita ya aiko da na ɗigawa. Na kuma ce a daina ba su madarar shanu, zawo take sa su.

Uwar har yanzu ba ta yarda a taɓa ta. Amma in na tsuguna nesa na lumshe ido a hankali na buɗe, wani lokaci takan mayar mini. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, ciki har da Karen McComb, sun gwada wannan a 2020, suka ga kyanwa ta fi kusantar baƙon da ya lumshe mata ido. Ƙura ido barazana ce a wajen mage da kare duka.

2 ga Yuni

Mun fita yawo na farko da asuba, da igiyar da ke kama ƙirji maimakon wuya. Kowane kututture sai ta tsaya ta shinshina, na bar ta. Da babur ya taso ta ƙame, muka ratse cikin gona har ya wuce. Gyambo ya warke, gashi ya fara tsirowa.

18 ga Yuni

An samu koma baya. Ranar Babbar Sallah gona ta cika da baƙi da mahauta da yara, ga ƙarnin jini, ga hayaƙin suya, da yamma kuma hadari ya taso da tsawa. Wani yaro baƙo ya zura hannu ta raga da ƙashi, yana miƙawa yana janyewa. Ta kai cafka, haƙoran suka haɗu a iska. Ba ta taɓa shi ba. Kare ya fi hannun mutum sauri, da ta yi niyyar kamawa da ta kama. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce, "Yau iska ta kama, gobe fa?" Tambayarsa tana kan hanya, ɗan mutane ne.

Abin tsoro taruwa yake a jikin kare, ɗaya bisa ɗaya, kuma ba ya sauka rana ɗaya. Har yau ba ta cika fitowa daga rumfa ba. Mun ƙara raga ta biyu a gefen hanya yadda hannu ba zai kai ba, aka kafa zana ta tare mata ganin ƙofa. Duk ranar taro za a shigar da ita ɗakin baya tun safe. Ragowar naman Sallah kuma na ce a tantance: ban da dafaffen ƙashi, yana tsagewa ya huda hanji, ban da romon da ya sha albasa da tafarnuwa, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini ga kare da mage.

14 ga Yuli

Ta dawo hayyacinta. 'Ya'yan mage sun cika wata uku an yi musu allurar haukan kare, biyu sun samu gida. Uwar kuma mun kama ta da kejin kaji likita ya yi mata aikin hana haihuwa, don mage tana iya ɗaukar wani cikin tun ba ta gama shayarwa ba, cikin nata kuwa mako 9 ne kacal.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka rage, mai tabon baƙi a hanci, ya mai da ginshiƙin rumfar Durwa wurin hutawa. Jiya ya zauna a sama yana leƙe, sai na ga ta dafa ƙirji a ƙasa, gindi a sama, baki a buɗe, ta yi haushi siriri. Gayyatar wasa ce, ban taɓa ganin ta yi ba. Duk da haka ba zan haɗa su ba mai tsaro ba, don yarensu ya sha bamban. Mage in ta ɗaga wutsiya sama gaisuwa take yi, in tana kaɗa ta da ƙarfi ranta ya ɓaci. A wajen kare kusan akasin haka ne. Sai sun koyi karanta juna, kuma dole mage ta sami tudun da za ta haye ko da yaushe.

11 ga Agusta

Durwa ta shiga lokacin barbara. Dare ya yi sai karnukan unguwa su taru bayan raga, haushi da faɗa har asuba. Kawu yana son ta haihu ya sami masu gadi. Ni na ƙi. Karya mai tsoro takan rene 'ya'ya masu tsoro, kuma kwikwiyo shida ko bakwai, wa zai yi musu allura, wa zai hana a ɗaure su? Ya ce ba ya son a taɓa halittar Allah. Mun bar maganar a nan, don likita ma ya ce ko za a yi aikin sai wata biyu zuwa uku bayan ta gama. A yanzu ɗakin baya take kwana.

Abin da ya fi damuna mazan da ke taruwa. Na bi na tambayi masu su, ban sami ko ɗaya da aka yi wa rigakafi ba. Allurar Durwa tana kare Durwa, amma yaran gona ta cikin waɗannan karnuka suke wucewa kullum.

28 ga Satumba

Yau ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, shi da ya fara yi wa mutum rigakafin cutar a 1885. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Maganin ma ba sai an je nesa ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana haɗa shi.

Da izinin mai unguwa muka kafa tebur a gindin mangwaro, muka haɗa kuɗi, likita ya zo da akwatin ƙanƙara. Mafarauta ne suka fi jan ƙafa, wani ya ce allura tana kashe wa kare zuciya. Sai da babbansu, wani dattijo mai furfura, ya fara miƙa nasa. Na tsaya ina kallonsa. Ba igiya, ba tsawa. Ya yi fito ɗaya, karen ya zo ya jingina da ƙafarsa, ya dafa masa kafaɗa da tafin hannu yana masa magana ƙasa-ƙasa, allura ta shiga ta fita karen ko gezau. Na ce, "Baba, yaya kuke yi?" Ya ce, "Tun yana ɗan mitsitsi a gabana yake, in ya ɗaga kunne na san abin da ya ji." Duk abin da nake ta fama in koya wa yaran gona, mutanen nan sun gada. Bayansa sauran suka biyo.

Da yamma Kawu ya ce mini Durwa ta zauna, amma raga biyun nan ba za a cire ba. Na amince.

20 ga Oktoba

Saura Baba maigadi. Da ta hango hularsa sai ta shige rumfa. Yanzu shi ke zama a kujera bayan la'asar yana wurga ƙwai, ya ba ta gefe, bakinsa a rufe. Jiya ta fito ta ci yana zaune. Maganar aikin hana haihuwa tana nan ba a warware ba, Kawu ya ce sai ya ji ta bakin liman. Allurarta ta gaba watan Fabrairu, na rubuta a bangon ɗakin ajiya.

Mun fara bin gida-gida da yaran mai unguwa muna ƙirga karnuka, don a san nawa suka rage kafin a kai kashi 70. A bayan wani garejin walda muka tarar da kwikwiyo ɗaure da wayar lantarki a jikin tsohuwar taya, bai fi mako 7 ba. Mai garejin ya ce so yake ya tashi da zafi. Makonnin sabonsa biyar suka rage. Mai unguwa ya yarda zai raka ni gobe bayan la'asar, dattijon mafarauci ma ya ce zai zo, don ya fi ni bakin da za a saurara. Akwai ragowar ragar waya a gona da za ta isa kewaye ɗan fili, Kawu ya ce in ɗauka.